Yadda Ake Gane Ɗan Mazari a Kududdufi, da Yadda Ake Rainonsa Har Ya Yi Fiffike

Duk damina nakan kai ɗalibai bakin kududdufin da ke bayan makarantarmu, kuma duk shekara sai an maimaita abu ɗaya. Yaro zai zura rariya cikin ciyawa, ya ɗago, ya ga wani mummunan ƙwaro mai launin laka yana rarrafe, sai ya yi wurgi da rariyar, jikinsa na rawa kamar mazari: "Malam, kunamar ruwa!" Wani ya ce gizo-gizo ne, wani ya ce kyankyaso ne ya faɗa ruwa. In na ce musu ai mazarin ne da kansa yana ƙarami, ɗan wannan jan da ke shawagi a kansu a lokacin, sai su yi ta kallona suna jiran in yi dariya.

Rayuwar mazari hawa uku ce: ƙwai, ɗa, babba. Ba ya naɗe kansa ya kwanta kamar yadda tsutsar malam-buɗe-littafi ke yi kafin ta yi fiffike. Ɗan yana fitowa daga ƙwai da ƙafafunsa shida, ya zauna cikin ruwa yana farauta yana saɓa kamar maciji, sau goma zuwa goma sha biyar ga yawancinsu, har ranar da zai hau kara ya fito daga saɓar ƙarshe da fukafukai. Shi ya sa ba na yarda a ce masa tsutsa. Ɗan mazari nake cewa, haka kuma zan kira shi a nan.

Kayan aiki

Kada ka ɓata kuɗinka wajen neman koma ta musamman. Rariyar tankaɗe gari ta roba, wadda ake sayarwa a kowace kasuwa, ta wadatar. Ka ɗaure ta a kan gora ko sandar tsintsiya da robar tayar keke, shi ke nan. Wanda ya fi son raga mai zurfi ya lanƙwasa waya ya ɗinka mata ragar taga. Abin da na hana shi ne gidan sauro, irin wanda ake rabawa a asibiti. Yana da magani a jiki, kuma maganin da ke kashe sauro ba ya barin ɗan mazari.

Sai farin abin zubawa, mai faɗi marar zurfi. Murfin bokitin fenti wankakke ya fi komai a wurina, kuma kyauta ne. Dole ya zama fari. A cikin baƙar roba ko kwanon silba ba abin da za ka gani sai fuskarka. Ka haɗa da cokalin roba, da gwangwanaye ko robobin ruwa da aka yanke guda biyar ko shida, da gilashin ƙara girma in kana da shi. In babu, kyamarar waya tana yi, ka ɗauki hoto ka buɗa shi da yatsa.

Takalmin roba mai tsawo kuwa ba zancen ado ba ne. Tsargiya daga irin wannan ruwan ake ɗaukarta, ta hanyar ƙananan dodon koɗi da ke zaune a daidai ciyawar da za ka yi aiki, kuma ta fata take shiga. Ni daga tudu nake tsayawa in miƙa gora. Ba yaron da nake bari ya tsoma ƙafa.

Inda za ka zura rariya

Daga tsakiyar Agusta zuwa Oktoba ne lokacin da ya fi, sa'ad da ruwa ya yi makonni a kwance kuma 'ya'yan sun yi girman da ido zai gani. Wanda ya je a makon farko da kududdufi ya cika zai dawo ya ce babu komai, alhali suna nan, ba su wuce ƙwayar gero ba. A inda ruwa ba ya ƙafewa, kamar gefen madatsar Tiga ko fadamun Haɗeja da Nguru, ko da rani ana samu.

Masu koyo tsakiyar ruwa suke nufa, inda ya yi garau, su yi ta kaɗa rariya kamar masu kamun kifi. Ba kowa a can. Ɗan mazari ɗan kwanton ɓauna ne, yana gefe, a ruwan da bai kai gwiwa ba: cikin saiwar kainuwa, ƙarƙashin ganyen bado, gindin kacala, cikin gansakuka, da kan ruɓaɓɓen ganyen da ya kwanta a ƙasa. Ka tura rariyar cikin ciyawar da ƙarfi sau uku ko huɗu kana girgizawa, sannan ka dawo da ita ta hanyar da ta bi, don abin da ka tayar yana nan yana yawo a ruwan. Na laka kuma ka kankaro saman lakar kawai, kaurin yatsa ɗaya, ka tsoma gindin rariyar a ruwa kana jijjigawa har lakar ta tsiyaye.

Ka juye abin da ya rage a farin murfin, ka zuba ruwan kududdufin kaɗan, sannan ka cire hannunka. Nan ne gaggawa ke cin mutane. Ɗan mazari in ya ji an taɓa shi sai ya ƙame, ya zama kamar guntun tsinke ko ɗan curin laka, wani ma gansakuka ta tsiro a bayansa. Yara kan duba na daƙiƙa goma su ce "Malam, datti ne," su watsar. Ka ba shi minti biyu zuwa uku. Dattin zai miƙa ƙafa.

Gindi tukuna, sannan baki

Ka manta da launi gaba ɗaya. Kusan dukkansu ruwan ƙasa ne ko kore-kore, gwargwadon inda suka zauna, kuma wanda ya yi saɓa yau zai fito fari-fari, gobe ya yi duhu. Wanda zai zama ja da wanda zai zama shuɗi, a cikin ruwa kamarsu ɗaya ta wajen launi. Na ga wanda ya cika shafi biyu na littafi da bayanin launi, bai gane ko ɗaya ba.

Ka ɗauke shi da cokali ka sa a ruwa mai tsabta, ka dubi ƙarshen jikinsa. In ka ga 'yan gajerun ƙayoyi sun haɗu sun yi tsini, guda biyar ne in ka ƙirga da gilashi, uku manya biyu ƙanana, to ɗan mazari ne na sosai. Ka ɗan zungure shi da tsinke. Zai manne ƙafafunsa a jiki ya yi gaba fit, fit, ba tare da ya kaɗa komai ba. Dalili shi ne gaɓoɓin numfashinsa a cikin duburarsa suke. Ta nan yake zuƙo ruwa ya tace iska, in ya tsorata kuma ya feso ruwan da ƙarfi ya tura kansa gaba. In ruwan murfin ba shi da zurfi har za ka ga ƙura na tashi a bayansa. Ranar da na bayyana wa aji wannan, ban sake samun natsuwarsu ba sai da aka kaɗa ƙararrawa.

In kuwa siriri ne kamar tsinken ashana, kansa ya fi jikinsa faɗi, kuma a gindinsa akwai abubuwa uku masu kama da ganye, wannan ɗan siririn mazari ne, irin wanda ke haɗe fukafukansa a baya in ya sauka a kan ciyawa. Dangi ne na kusa. Shi yana iyo ne yana karkaɗa jiki hagu da dama kamar kifi. Ka kula, ganyayyakin nan suna tsinkewa in an kama shi da ƙarfi, sai ka same shi guntu. Kada rashinsu ya ruɗe ka, ka dubi sirantar jikin da yadda yake iyo.

Akwai wani mai jela uku da ke shigar burtu. Nasa jelar zare ce ba ganye ba, kuma a gefen cikinsa akwai jerin 'yan filafilai da ke kaɗawa ba tsayawa. Wannan ba dangin mazari ba ne, abincinsa ne ma. Kunamar ruwa ta gaskiya jelarta ɗaya ce doguwa kamar allura, da ita take shaƙo iska daga sama, hannuwanta na gaba kuma a lanƙwashe. Sai wani dogo mai muƙamuƙai biyu kamar lauje a gaban kai, ɗan buzuzun ruwa, da wani babba shimfiɗaɗɗe mai faɗin ganye. Waɗannan biyun suna cizo, na biyun ma cizonsa ba ya mantuwa. Ɗan mazari ba shi da dafi ba ya harbi, iyaka babba ya lanƙwaso gindi ya soke ka da ƙayarsa.

Duk inda shakka ta rage, baki ne ke raba gardama. Ka riƙe shi a hankali tsakanin yatsu biyu, ka kifar da shi, ka dubi ƙarƙashin kai. Leɓensa na ƙasa ya zama kamar hannu mai gwiwa, a naɗe, gwiwar ta koma har tsakanin ƙafafu, ƙarshen kuma yana da ƙugiyoyi biyu. Ka sa bakin tsinke ka jawo shi a hankali, zai miƙe gaba. Da shi yake cafko abinci, cikin lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba. Babu wani ƙwaron ruwa mai irin wannan leɓe sai mazari da siririn ɗan'uwansa. Ka yi wannan gwajin sau ɗaya ga kowane ɗaya, ka mayar da shi ruwa.

Leɓen ne kuma zai raba maka manyan gidaje uku da za ka fi cin karo da su. Na farko gajere ne mai faɗin ciki da dogayen ƙafafu, shi ne wanda yara ke kira gizo-gizo. Leɓensa kamar ludayi yake, ya rufe fuskar har ƙasan idanu kamar takunkumi. A ƙasa yake zama a baje. Masana na kiran gidansu Libellulidae, tsawonsu in sun ƙosa santimita 2 ne ko sama da haka kaɗan, kuma a kududdufi su ne suka fi yawa nesa ba kusa ba. Jan mazarin nan da ke zama a kan tsinke, da wanda ke bin ƙafafun shanu a bakin ruwa mai baƙin tabo a fiffike, duk 'yan gidan ne. Na biyu dogo ne sumul, da manyan idanu, leɓensa a shimfiɗe ƙarƙashin haɓa bai rufe fuska ba. Shi mahayin ciyawa ne, yana bin abinci a hankali kamar kyanwa. Gidansu Aeshnidae, manyansu na kai santimita 5. Na uku ɗan tono ne, gidan Gomphidae: kai kamar bakin fartanya, ƙananan idanu, 'yan ƙahonni gajeru masu kauri, jiki duk gashi da laka. Ya fi son yashin rafi da bakin kogi, a kududdufi jefi-jefi ne.

Iya nan nake tsayawa da ɗalibai, kai ma ina ba ka shawara ka tsaya nan. Mazari da danginsa sun haura iri 6,000 a duniya. Wanda ya dubi hoton waya ya faɗa maka sunan irin, yawanci cika baki ne. Hanyar da ba ta ƙarya ita ce ka raine shi ya fito ka gan shi.

Wanda za ka ɗauka gida

Ka dubi bayansa, daidai bayan kai. Za ka ga kube huɗu a kwance, a cikinsu fukafukai ke naɗe. Ƙarami ba shi da su sam, matsakaici nasa 'yan tsiro ne. Wanda kubensa ya sauko ya rufe kusan gaɓa huɗu cikin gaɓoɓin ciki goma, shi ne ke matakin ƙarshe, kuma shi za ka ɗauka. In ka ɗauki ƙarami ka ɗora wa kanka ciyarwar makonni. Biyu ko uku sun isa, sauran ka mayar da su inda ka ɗebo su.

Tun daga bakin ruwa kowa da gwangwaninsa. Shekarar farko na zuba guda tara a bokiti ɗaya, manya da ƙanana, na ajiye a ofis ranar Alhamis. Ranar Litinin na tarar da uku, da 'yan ƙafafu suna yawo a saman ruwa. Ba su san ɗan'uwa ba. Wanda ya yi saɓa jikinsa na da taushi, shi ake fara cinyewa, ko da ya fi girma.

Ruwan kududdufin za ka yi amfani da shi, ko na rijiya. Na famfo sai ya kwana biyu a buɗe maganin ya fita. Zurfin yatsa huɗu ya isa, ka sa ɗan yashi, da ganye ɗaya ko biyu, da 'yar ciyawar da zai riƙe. Ka ajiye a inuwa inda haske ke shiga, don rana in ta bugi ƙaramar roba dafa shi za ta yi. Ɗakin kuma ba fesa maganin sauro, ba fiya-fiya, ba turaren sauro na kunnawa. Ka gaya wa mutanen gida tun wuri, domin ba kai ne za ka fesa ba.

Abinci sai mai rai mai motsi. Garin kifi ko burodi ruɓar da ruwa kawai za su yi. 'Ya'yan sauro sun fi komai sauƙi, ga su nan a kowace tsohuwar taya, amma ka ɗebo na yini ɗaya kawai, kada ka koma makiyayin sauro. Jajayen tsutsotsin laka ma suna so, manyan kuma har 'ya'yan kwaɗi da guntun tana suna cafkewa. Abin da bai ci ba ka tsame kafin dare.

Matakin da ya kayar da ni

Duk abin da na faɗa a baya mai sauƙi ne. A nan ake asara, kuma ni sau biyu na yi.

Na farko wani babba ne ɗan gidan dogaye, na yi kwana goma sha takwas ina ciyar da shi a cikin robar fenti mai santsi. Sai ya daina ci. Na sa masa 'ya'yan sauro, suna wucewa ta gaban hancinsa bai kula ba. Na ce ruwa ne ya lalace, na canza. Na ce ciwo ne. Kwana uku yana zuwa gefen roba yana ɗago kai sama da ruwa yana karce jikin robar da ƙafa, ni kuwa ina tura shi ƙasa da cokali, wai kada ya bushe. Da safe na same shi a mace, bayansa ya ɗan tsage, koren jikin mazari na leƙowa ta tsagar. Ashe ba ciwo ba ne. A kwanakin ƙarshe jikin babba ya riga ya haɗu a cikin saɓar, naman leɓen nan ya janye, shi ya sa ba ya iya ci, numfashinsa kuma yana komawa na iskar sarari. Hanyar fita yake nema, ni na hana shi, ya nutse a ruwan da bai kai tsawon yatsa ba.

Saboda haka ka riƙe alamomin nan. Ya daina ci kwana biyu ko fiye. Kuben bayansa sun kumbura sun ɗan rabu da juna. Idanunsa sun ƙara girma sun canza. Yana zama a gefe, kai da kafaɗa a waje. In ka ga haka kada ka canza ruwa, kada ka sa abinci, kada ka taɓa shi. Kuma ba ranar za ka nemo sanda ba. Sanda tun ranar farko ake sa ta.

Sandar ma ba kowace ba. Karan dawa yana da santsi, ƙafa na zamewa, sai in ka kankare ɓawon. Busasshen reshe mai kaushi, kaurin fensir ko ɗan yatsa, shi ne daidai, ni na mangwaro nake sawa. Darbejiya ba ta shiga robata, itacen da ake korar ƙwari da shi ba shi da aiki a nan. Ka kafa gindin a yashi ka danne da dutse, ka ɗaure saman a jikin wani abu don kada ta juya, ta tsaya a miƙe ko ta ɗan karkata kaɗan. Ɗan tono ne kawai ba ya bukatar tsayuwa, shi ka sa masa dutse ko guntun bulo da ya fito saman ruwa.

Asara ta biyu tsawo ne. Na sa sanda, amma taƙaitacciya, kuma don tsoron kada ya gudu na kifa rariya a bakin robar. Ya hau, ya fito lafiya, sai fukafukan suka rasa inda za su miƙe. Na dama biyu suka tokare da jikin roba suka bushe a murɗe kamar takardar da aka dunƙule. Fiffike sau ɗaya yake buɗewa, yadda ya bushe haka zai zauna. Ya yi yini biyu yana zagaye a kan tebur. Har yau in na tuna ba na jin daɗi. Sanda ta fi bakin roba da taƙi guda cikakke, kamar santimita 20, kuma ko ta ina a bar sarari na faɗin tafin hannu. In kana tsoron ya tashi, ɗakin za ka rufe, ba robar ba. In ma so samu ne, ka yi masa rumfa da ragar taga a kan kwali babba.

Sauran abokan gaba: fanka, tsaka, cinnaka, da kaji in a tsakar gida ne. Ka kashe fanka, ka ɗora robar a cikin faranti mai ruwa saboda cinnaka.

Yawanci da dare suke hawa, ko gab da asuba. In kana son gani sai ka yi hakurin barci, ka rage hasken tocila da ƙyalle, don haske mai ƙarfi na sa shi ya koma ruwa. Zai hau, ya soka faratansa a sandar, ya kaɗa gindi hagu da dama yana auna fili, ya yi shiru. Sai fatar ta tsage a bayan kai. Kafaɗa ta kumburo, kai ya fito, ƙafafu su zaro ɗaya bayan ɗaya, sannan ya saki jiki ya rataye da baya, kai a ƙasa, gindi kawai ke cikin saɓar. Zai yi kamar rabin sa'a a haka ba motsi. A nan ne wani ɗalibina ya miƙa hannu yana cewa, "Malam, zai faɗo, bari in tare shi." Na riƙe hannunsa. Ƙafafunsa yake jira su yi ƙwari. Da sun yi, sai ya yunƙuro sama lokaci ɗaya, ya kama kan saɓar, ya zare cikinsa. Fukafukan a lokacin 'yan dunƙule ne kamar jiƙaƙƙen tsumma. Yana tura ruwan jikinsa cikin jijiyoyinsu, kana kallo suna saukowa suna miƙewa, fari-fari kamar madara, daga baya su yi garau. Sannan ciki ya miƙe ya sirance, 'yan ɗigon ruwa su faɗo daga ƙarshensa. Daga hawa zuwa tashi sa'a ɗaya zuwa uku ne, babba na iya wuce haka. Alamar ya gama ita ce ya ware fukafukan gefe da gefe ya fara karkarwa da su.

Ka ɗauki hoto a nan, ka buɗe taga. Sai dai kada ka yi saurin raɗa masa suna, launinsa bai nuna ba tukuna, sai bayan kwanaki. Saɓar da ya bari a kan sanda ka cire ta a hankali ka sa a kwalin ashana, ka rubuta rana da wuri. Fararen zaren da ke leƙowa daga tsagar, rufin bututun numfashinsa ne da ya zare. A saɓar za ka ga komai, leɓe da ƙayoyi da kube, kuma ba ta gudu ba ta cizo. Gaskiya ma wanda ba shi da lokacin raino ya je bakin kududdufi da sassafe ya duba karan ciyawa daga saman ruwa zuwa kamu ɗaya, zai tsinci irinta da yawa a banza.

Sauran zagayen

Sabon mazari yakan bar ruwa na mako ɗaya ko biyu yana cin sauro da ƙananan ƙudaje, sannan ya dawo. Namiji ya kama wuri yana korar 'yan'uwansa. In ya samu mace sai ya riƙe ta a ƙeya da ƙarshen cikinsa, ita kuma ta lanƙwaso nata, su yi kamar zobe. Wadda ka gani tana dangwala gindi a ruwa tana tashi, ƙwai take zubawa, 'yar gidan gajeru ce. Dogaye da sirara cikin jikin ciyawa suke soka nasu. A zafin ƙasarmu mako ɗaya zuwa biyu ƙwai ya ƙyanƙyashe. A Turai ɗa kan yi shekara biyu ko uku a ruwa, wani har biyar, amma na kududdufin da zai ƙafe ba shi da wannan sukunin. Mazarin nan mai ruwan ɗorawa da ke taruwa da yawa a sama gabanin hadari, Pantala flavescens, cikin mako shida ko makamancin haka yake gamawa. Shi bin ruwan sama yake yi ƙasa zuwa ƙasa. A 2009 Charles Anderson, wani masani mazaunin tsibiran Maldibs, ya nuna cewa irinsa na ƙetare teku daga Indiya zuwa gabashin Afirka. Wannan mazarin ne kuma ke dangwala ƙwai a kan mota mai sheƙi, ya ɗauka ruwa ne.

Masu kiwon tarwaɗa kan tambaye ni ko ɗan mazari abokin gaba ne. Ga ƙananan 'ya'yan kifi na makonnin farko, e, yana cinsu sosai. Ka rufe tafkin reno da raga don mace ta rasa wurin dangwalawa, kuma kada ka cika shi da ruwa ka bar shi makonni kafin ka zuba kifi. In tarwaɗa ta kai tsawon yatsa, ita ke cinsa. Batun sauro kuma, an gwada a birnin Yangon na Myanmar, aka riƙa sa 'ya'yan mazari a randunan gidaje, sauron da ke kawo zazzaɓin dengi ya ragu ƙwarai, an buga sakamakon a 1990. Amma randa daban, kududdufi mai ciyawa daban, kada ka jefar da gidan sauronka.

In an gama, ruwan robar da yashin a mayar da su kududdufin da aka ɗebo, ba kwata ba, a wanke hannu da sabulu, rariyar kuma kada ta sake komawa ɗakin girki.